Hoton da Ya Ƙi Buɗewa

Wadda ta rubuto mini cewa girman kai ne ke damuna, na ga saƙonki. Wanda ya ce in ba shi lambar Injiniya tunda yana da ƙanwa, kai ma na gani. Ba zan amsa ba. Zan dai faɗa muku abin da ya faru, ku yanke hukunci kamar yadda kuka saba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: na yi karatu a nesa, na daɗe a can. Ina can Baba ya kwanta ciwo, ina can ya rasu. Na dawo da akwatuna da digiri da wata irin gajeriyar magana da mutanen gidanmu suka kasa yafe mini. Baturiya suke kirana. Ina zaune da Umma da Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta zo ta'aziyya ta manta hanyar gidanta. Yaya yana wani gari da iyalinsa, amma ta waya yake mulkin gidan.

Injiniya abokin Yaya ne tun suna yara. Shi ya riƙa kai Baba asibiti. Shi ya koyi yadda ake juya shi a gado kada bayansa ya yi gyambo. Shi ke riƙe da hannunsa a ranar ƙarshe, ni kuwa ina zauren jarrabawa, wayata a kashe. Yanzu shi ne mai kamfanin da nake aiki, kuma yana son aurena. Ba ya ɗaga murya, ba ya saɓa alkawari, takalminsa kullum a goge. Na neme masa aibi kamar yadda nake neman kuskure a aiki, layi bayan layi, ban samu ba. Ba na sonsa. Iyakarta ke nan. Kuma ba magana ba ce da take shiga falonmu.

Na gwada shigar da ita.

"Umma, maganar Injiniya..."

"Ɗan albarka," ta ce, ba ta ɗago daga maɓallin da take ɗinkewa ba. "Ya ce manyansa za su zo ƙarshen wata. Labulen nan sai an canza, rana ta cinye su."

Na tashi na ɗauko tsani.

A inda na yi karatu an koya mana cewa in za ka yi magana mai nauyi, ka fara ɗaukar muryarka ka saurara. Wata rana lokacin hutun cin abinci na shiga mota a bayan ofis, na rufe gilashi, na kunna waya. Na yi gyaran murya. Na fara, na tsaya. Na sake gyaran murya. Sai maganar ta fito ita kaɗai, kamar ta gaji da jira.

"Ba na sonka. Ka zauna da Baba lokacin da ban zauna ba, kuma har in mutu ina gode maka. Amma ni ba ladanka ba ce. Umma ba ta yafe mini ba, shi ya sa take so ta miƙa ni gare ka, ta huta da kallona. Ni kuma gidan nan ya matse ni. Duk ranar da na shiga sai in ji kamar an rufe ni a cikin akwatin da na dawo da shi."

Na tura wa kwamfutata don in saurara da abin kunne. Ban saurara ba. Na bar shi nan a fuskar kwamfuta, cikin tarkacen aiki.

Yanzu ku yi haƙuri da ni, sai na ɗan yi muku bayanin aiki, in ba haka ba ba za ku gane irin ramin da na haƙa wa kaina ba.

Kamfaninmu manhaja ɗaya yake da ita, album na waya. Iyali ko makaranta su buɗe nasu, kowa ya ɗora hoto ko gaisuwar murya ko ɗan bidiyo, sauran su gani. Injiniya ya buɗe wa gidanmu ɗaya kyauta, ya cika shi da hotunan Baba, ya sa dangi kaf a ciki. Ni aikina a baya yake, wajen saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye kayan mutane ta miƙa musu in sun nema.

Duk fayil ɗin da ya baro wayarki zuwa saba yana zuwa da ɗan layi a goshinsa mai faɗin ko shi mene ne. Heda muke ce masa. In hoto ne, layin zai ce Content-Type: image/jpeg. In murya ce, ya ce murya. Saba ta ajiye, ranar da wani ya nema ta miƙa masa tare da layin, wayarsa kuma ta yarda. Aka ce mata hoto ne, za ta yi ƙoƙarin nuna shi. Aka ce murya ce, ta fito da maɓallin kunnawa. Ba ta gardama.

Matsalar ita ce tun farko Injiniya ya rubuta sabarmu ta yarda da duk abin da mai aikowa ya faɗa. Ba ta leƙa ciki. Halinsa ne ya zuba mata. Tun makon da na fara aiki nake mita a kai. Wasu wayoyi suna aiko hoto da heda ta kuskure, hotunan mutane su ƙi buɗewa. Mugu kuma zai iya shigo da abin cutarwa sanye da rigar hoto. Na rubuta yadda za a gyara: a daina yarda da heda, a karanta farkon fayil ɗin, domin kowane iri yana da alamarsa a can. Sannan a bi tsofaffin fayiloli duka, a liƙa wa kowanne hedarsa ta gaskiya.

Ni na rubuta wannan jimla ta ƙarshe. Ku riƙe ta.

Dogo, wanda teburinsa ke manne da nawa, bai taɓa yarda ba. Yana cin biskit a kan allon rubutunsa, yana karkaɗe garin a ƙasa.

"Baturiya, wa zai zauna ya yi wa album ƙarya? Can inda kika je ba a yarda da kowa ne?"

"Ba a yarda da heda."

"To nuna mini. Baki kowa yana da shi."

Duk mai wannan aiki ya san halinmu: in za mu gwada abu, abin da ke kusa da hannu muke jefawa. Na ja fayil na farko da ba hoto ba a fuskar kwamfuta, na canza masa suna, na rubuta masa heda da hannuna cewa hoto ne, na aika. Saba ta karɓa da hannu biyu. Na juya wa Dogo kwamfutar.

"Ga shi. Murya ce, ta shiga a matsayin hoto."

"Kai! Ashe da gaskiyarki." Ya miƙo mini biskit. "Ungo, tukwici."

Sai wayata ta yi ƙara a cikin jaka.

Muna da saba biyu, ta gwaji da ta gaske. Ta gwaji ba ta aika wa kowa sanarwa. Da safen nan na juya kwamfutata zuwa ta gaske don in duba koken wata makaranta, ban mayar ba. Na ciro wayar. An ƙara sabon hoto a album ɗin gidanmu. Sunana a ƙasa.

Sai a lokacin na duba wane fayil na jefa.

Ban yi ihu ba, ban kama kai ba. Na cinye biskit ɗin. Sannan na buɗe album. Ga Baba a kujerarsa, ga Baba da jikokinsa, ga wani akwati mai ruwan toka, babu komai a ciki. Waya ta yarda hoto ne, ta yi ƙoƙarin nuna shi, ta kasa. Muddin ƙaryar tana goshinsa, babu mai ji.

Na nemi gogewa. Maɓallin gogewa ba ya fitowa sai hoto ya buɗe. Na aika umarnin da hannu. Saba ta tafi neman ƙaramin kwafin da take yi wa kowane hoto don ta fara goge shi, ba ta samu ba, ta tsaya nan ta ƙi gaba. Hanya ɗaya ta rage, a shiga cikin sabar gaske a cire shi. Makullinta yana hannun mutum ɗaya. Kuma Injiniya ba ya goge abin da bai buɗe ba. Ya taɓa goge wa wata mata hotunan mahaifiyarta na ƙarshe bisa kuskure, tun ranar ya yi rantsuwa.

Na koma gida na tarar da Gwaggo a kan doguwar kujera, tabarau a ƙarshen hanci, waya a nesa da fuska.

"Ke Baturiya, wane irin hoto ne kika sa mana? Toka zalla."

"Kuskure ne, Gwaggo."

"Kuskure! Hajiya, kin ji? Rigar da za ta sa ranar ce take mana rowar gani. Ni dai in irin baƙar jakar nan ce da take yawo a ciki, wallahi ba da ni ba."

Baƙar doguwar rigata take nufi. Irinta gare ni da yawa, duk iri ɗaya, don kada in ɓata safiya wajen zaɓe. Gwaggo ta ce ko mai gadin banki ya fi ni kwalliya.

Umma, wadda Gwaggo ke kira Hajiya, ta ci gaba da ɗinkinta. Amma kullum da safe bayan shayi takan buɗe album ɗin. Ta kalli Baba a kujerarsa. Ta kalli Baba a filin jirgi ranar da ya raka ni, hannunsa a kan akwatina. Sai ta zo kan akwatin toka ta danna. Ta sake dannawa. Ta goge fuskar wayar da gefen mayafinta, ta sake. Ni ina zaune gabanta da kofi a hannu, ina kallon yatsanta yana ƙwanƙwasa ƙofar.

"Tun da kika dawo ba ki taɓa sa komai a ciki ba," ta ce wata safiya. "Abu ɗaya da kika sa, shi ma ya ƙi buɗewa."

Saƙon Yaya ya shigo ina cikin mota.

"Me kika ɗora? Wayata ce ko shirmenki ne?"

Kafin in amsa wani ya biyo.

"Kuma ranar da mutanen nan za su zo kada in ji wata magana. Umma ta sha wahala, ya isa haka."

Na rubuta "To, Yaya." Kullum abin da nake rubutawa ke nan. Wayata ma ta haddace, da na danna harafin farko take ƙarasa mini.

Makarantar nan ta sake kira. Hotunan yaye ɗalibansu rabi sun ƙi buɗewa, iyaye suna zagi, shugabar ta ce in ba a gyara ba za su kwashe kayansu. Injiniya ya tara mu a ɗakin taro, wanda fankarsa ke kuka kamar za ta faɗo.

"Za mu yi abin da Baturiya ta daɗe tana faɗa," ya ce. "Duka, har da bin tsofaffin fayiloli."

"A fara da sababbi kawai," na ce.

Dogo ya juyo gaba ɗaya da kujerarsa.

"Tsofaffin suna da yawa. Saba za ta yi nauyi. Kuma ba mu san abin da mutane suka ɗora ba. A bar su yadda suke," na ƙara.

"Baiwar Allah," in ji Dogo, "wace ce ke, kuma ina kika kai Baturiyarmu? Ke ce fa kika ce mana duk fayil ɗin da ke yawo da sunan ƙarya bam ne."

"Na canza ra'ayi."

"Yau za a yi ruwa."

"Na makarantar tsofaffi ne," Injiniya ya ce a hankali. "In ba mu bi su ba, ba mu gyara komai ba."

Gaskiyarsa. Na san gaskiyarsa ce, ni na koya masa.

Da aka tashi ya ce in tsaya. Farar riga ce jikinsa, an goge ta har tana da kaifi, hannun a naɗe zuwa gwiwar hannu. A wuyan hannunsa agogon Baba ne, mai maɗaurin fata da ya fara tsagewa. Umma ce ta ba shi. Ni an ajiye mini darduma.

"Umma ta kira ni," ya ce. "Ta ce hotonki ya ƙi buɗewa. Na yi mata alkawari zai buɗe."

"Ba wani abu ba ne."

"A wajenta wani abu ne." Ya yi murmushi, irin wanda ba ya nuna haƙori. "Ni zan rubuta gyaran da kaina. Kin daɗe kina roƙo ina ja miki rai. Ki ɗauka kyauta ce, tunda zobe kin ce yana hana ki buga rubutu."

Ku da kuke karantawa, na san abin da kuke cewa. Ga shi gabanki, ƙofa a rufe, babu Umma, babu Gwaggo, faɗa masa mana. Na sani. Jimlar tana nan a maƙogwarona, na riga na ji yadda take fita. Amma na kalli agogon. Hannun nan ne ya ɗaga kan Baba ya ba shi ruwa.

"Akwai abin da kike so ki faɗa mini?" ya ce.

"A gwada sosai kafin a saki."

"Kin san ni."

Na san shi. Shi ya sa na fita ban waiwaya ba.

Ranar hutun ƙarshen mako da la'asar aka kawo sababbin labule. Masu nauyi ne, ruwan zuma, da zare mai sheƙi a gefe. Gwaggo ce ta zaɓa, ta ce falo ya nuna akwai budurwa a gidan ko da budurwar ba ta nuna ba. An janye kujeru tsakiyar ɗaki, an naɗe kafet, ƙurar bayan kabad ta fito fili. Umma tana zaune tana zura ƙugiyoyi a bakin labule, tana miƙo mini. Ni ina saman tsani.

Wayata tana aljihun riga. Ta yi motsi. Na rataya labulen a kafaɗa na ciro ta. Saƙon Injiniya ne.

"Na saki gyaran."

Wani saƙon ya shigo.

"Kafin in saki na gwada shi a kan duk fayil ɗin da ya ƙi buɗewa."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Duka."

Na riƙe ƙarfen labule da hannu ɗaya.

"Na so in goge shi. Yatsana yana kai. Amma ba ni kaɗai kika yi wa maganar ba, kuma ba ni da ikon ɓoye wa Umma abin da yake nata. Ina hanya."

Har yanzu ban sani ba ko ramuwa ce ko kuwa ita ce kyautar. Mai yiwuwa shi ma bai sani ba.

"Hajiya! Hajiya, ya buɗe!" Gwaggo ta ɗaga waya sama kamar ta ci gasa. "A'a. Ashe ba hoto ba ne. Murya ce ta yi mana. Oh, Baturiya an iya soyayya! Waƙa ce?"

Umma ta ajiye ƙugiyoyin a cinyarta. Ta ɗauki tata wayar, ta goge fuskar da gefen mayafi. Inda akwatin toka yake, yanzu ɗan maɓalli ne, tsaf, daidai yadda na tsara. Aikin ya yi kyau. Ko a lokacin sai da na lura.

Ta danna.

Gyaran muryata ya cika falon. Shiru. Wani gyaran muryar. Akwai lokaci, ku sani. Tsanin ba shi da tsawo, Umma ba ta da nisa, hannunta ba shi da ƙarfi. Da na diro na fizge, na ce wasa ne, na ce gwaji ne na ofis, kuma ba ƙarya na yi ba.

Ban diro ba. Na tsaya da labule a kafaɗa.

"Ba na sonka," in ji wayar. "Ka zauna da Baba lokacin da ban..."

Umma ta tsayar.

Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati, tabarau ya zame ya faɗi a kan kujera. Wayata ta fara ruri a hannuna. Yaya. Shi ba ya tsayar da abu a rabi, ya ji har ƙarshe, har wajen akwati. Ta katse, ta sake farawa.

"Sauko," in ji Umma.

Na sauko.

"Ajiye labulen. Zauna."

Babu kujera a kusa, duk an janye. Na zauna a ƙasa, a kan tayil mai sanyi, inda kafet yake da. Ta kife wayarta a kan hannun kujera, ta ɗora tafinta a kai.

"Hajiya, ki bari mu ji sauran mana, mu san iyakar..."

"Ba zan ji 'yata a cikin waya ba tana zaune a gabana." Ba ta kalli Gwaggo ba, ni take kallo. Rabon da ta kalle ni haka kai tsaye tun ranar da na sauka. "Da baki na haife ki. Akwai sunana a ciki?"

"Akwai, Umma."

"Na yi zato."

Aka yi hon a bakin ƙofa. Gajere, sau ɗaya, na mutumin da ba ya son damun maƙwabta. Gwaggo ta miƙe da sauri tana gyara mayafi, tana laluben takalmi da ƙafa.

"Bar shi," in ji Umma.

"Hajiya, Injiniya ne fa!"

"Na san hon ɗinsa. Ya jira."

Tunda nake ban taɓa ganin an bar Injiniya a waje ba. Gwaggo ta koma ta zauna a bakin kujera, takalmi ɗaya a ƙafa. Taga babu labule, rana ta shigo ta kwanta tsakanina da Umma. Wayata tana ta ruri a ƙasa, tana zagaya kanta a kan tayil.

"Daga inda ta tsaya," Umma ta ce. "Ina jin ki."

Na yi gyaran murya.